Gurguwar karya, dokar Ingila, da haƙƙin dabbar da ta daina amfani

A shekarar 2013 aka ceto wata ƙaramar karya daga gonar kiwon karnuka a yankin Wales na Birtaniya. An raɗa mata suna Lucy. Shekarun da ta yi a ƙuntataccen keji sun lanƙwasa mata ƙashin baya, ƙasusuwan ƙugunta sun manne, gashinta ya zube wuri-wuri, ga kuma farfaɗiya. Aikinta ɗaya ne a gonar: a yi mata barbara, ta haihu, a kwashe 'ya'yan a kai kasuwa, a sake. Wata mata ta ɗauke ta, ta yi jinyarta har ta mutu a 2016. Labarinta ne wani likitan dabbobi, Marc Abraham, ya riƙe wajen gwagwarmayar da ta haifar da abin da ake kira Dokar Lucy, wadda ta fara aiki a Ingila a watan Afrilun 2020. Dokar ta hana dillali sayar da kwikwiyo ko ɗan kyanwar da bai kai wata shida ba. Mai so sai ya je wurin makiyayin kai tsaye, ko cibiyar ceton dabbobi.

Hikimar a fili take. Dillali shi ne labulen da ke tsakanin mai saye da kejin. Wanda ya ga kwikwiyo tas a shago bai san halin da uwar take ciki ba. Irin wannan sana'a ta fi ƙarfi a Amurka, musamman jihar Misuri. Ƙa'idar tarayya a can ta wadatu da kejin da ya ɗara tsawon jikin kare da inci 6 kacal. A 2010 masu zaɓe a Misuri suka amince a taƙaita karnukan haihuwa zuwa 50 ga kowane makiyayi, amma shekara na zagayowa majalisar jihar ta cire wannan iyaka. Kalifoniya kuwa ta hana shagunan dabbobi sayar da karnukan makiyaya tun daga 2019.

Wani zai ce, ina ruwan Musulmi da karnukan Turawa? Muna ganin da ruwansa, domin tambayar da wannan labari ya ɗora a gabanmu tsohuwa ce a fiƙihu: mene ne haƙƙin dabba bayan ta daina amfanar mai ita? Kuma kiwon karnukan ƙetare domin sayarwa ya shigo manyan biranenmu.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, labarin mutumin da ƙishirwa ta kai shi rijiya. Da ya fito sai ya tarar da kare yana lallage, yana lasar danyar ƙasa. Ya koma ciki, ya cika huffinsa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da karen, Allah ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya tabbatar musu cewa akwai lada a kan duk mai rai. A lura: karen ba nasa ba ne, ba ya masa gadi, ba ya masa farauta. Haka labarin karuwar Bani Isra'ila da aka gafarta wa saboda irin wannan aiki. A ɗaya ɓangaren ga matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Idan kulle kyanwa ɗaya ya kai ga haka, mai jeren kejuna ya auna. A Sunan Abi Dawud kuma, lokacin da wasu sahabbai suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu tana ta shawagi a kansu, Annabi (SAW) ya umarta a mayar mata.

Malam Izzuddin bin Abdissalam, wanda ya rasu a 660 bayan Hijira, ya jero haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Na farkonsu shi ne ciyarwa, kuma ya fayyace cewa wajibin yana nan ko da dabbar ta naƙasa ko ta yi ciwon da ba a ƙara amfana da ita. Wannan hukunci ya hau kan masu gonakin da ke yar da karya in ta daina haihuwa, ya hau kan mafaraucin da ke korar karensa in ya karye, ya hau kan mai jakin da ke sakin sa a bola in ya tsufa.

Sai dai akwai iyaka, kuma ba za mu ɓoye ta don labarin ya yi daɗi ba. Hadisi ingantacce ya nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa yana raguwa kullum da ƙiraɗi, a wata ruwaya biyu. Hadisin Abu Mas'ud al-Ansari ya hana cin kuɗin kare, kodayake Hanafiyya da Sahnun cikin Malikiyya sun halatta sayar da wanda aka yi izinin ajiye shi. Kare a kan gado, ana sa masa riga, ba tarbiyyarmu ba ce. Hasali ma wannan sha'awar ce ta buɗe kasuwar da ta gurgunta Lucy.

To gurgun kare fa, wanda ba ya iya bin zomo ko kora garke? A fahimtarmu ceto daban, ajiyewa don ƙawa daban. Wanda ya tsinci kare mota ta take shi, ya ja shi inuwa, ya ba shi ruwa, ya kira likitan dabbobi, yana ƙarƙashin hadisin rijiya. In ya warke, ko a miƙa shi ga mai gona ko makiyayi, ko a bar shi gadi, domin gurgu ma yana haushi. Malamai sun saɓa kan gadin gida, amma Imamu Nawawi ya rinjayar da halasci bisa ƙiyasi. Masu sharhin Risala sun kawo cewa marubucinta, Ibnu Abi Zaid al-Ƙairawani, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye.

Batun najasa, wanda shi ne ke sa da yawanmu ja da baya, yana da sauƙi a mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa. A mashhurin zancen Malikiyya kare mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bauta ce kawai. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ce mai kauri, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Ko a wurinsu, wanki ne ake buƙata, ba jifa ba. Yaran da ke bin gurgun kare da duwatsu a unguwa, a gaban manya suke yi.

Mai jinyar irin wannan dabba ya ware mata mazubin ci da sha, ya yi mata wuri a tsakar gida ko zaure nesa da ɗakin kwana da wurin salla, da shimfiɗa busasshiya, domin wadda ba ta iya tashi takan yi gyambo in ba a juya ta. Ya kusance ta a hankali, don mai jin ciwo yana cizo. A yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare. In kuwa ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira alamu su bayyana.