ZUMUNTA A GINDIN ITACE

 Karatunmu na yau yana cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, kuma za mu yi magana a kan kaɗaici.

Kaɗaici yana cin mutum ko da yana zaune a tsakiyar jama'a. Yana kama gwauruwa bayan masu ta'aziyya sun watse, da dattijon da ya yi ritaya, da saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba, da iyalin da rikici ya raba su da garinsu. A shekara ta 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya yana fama da shi. Tun a 2018 gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa minista guda nauyin wannan matsala.

A ƙasar Sikotland kuwa an gwada wani magani mai sauƙi. A shekara ta 2007 hukumar gandun daji ta ƙasar ta haɗa hannu da ma'aikatan lafiya na yankin birnin Gilasgo, suka fara wani shiri mai suna Branching Out, wato miƙa rassa. An yi shi domin manya waɗanda ke karɓar magani saboda damuwa, ko baƙin ciki mai tsanani, ko wata lalura ta tunani. Ana tara su 'yan kaɗan, a kai su kurmi sau ɗaya a mako, su yi kamar awa 3 a can, har mako 12. Suna tafiya da ƙafa, suna sare ciyayin da suka shaƙe ƙananan itatuwa, suna koyon hura wuta da kafa bukka, suna dafa shayi su sha tare. Da yawa daga cikinsu sun shaida cewa sun sami ƙarfin zuciya, sun yi abokai, sun kuma koma shiga mutane.

Me ya sa abu kamar wannan yake taimako? Da fari, akwai ranar da aka tsayar. Wanda kwanakinsa duka iri ɗaya ne ya sami dalilin tashi, ya yi wanka, ya fita, gama ya san akwai masu jiransa. Na biyu, jiki yana motsi a cikin iska mai kyau, wanda ya gaji da aiki kuwa yakan sami barci. Na uku, ba a tilasta wa kowa yin magana. Mai nauyin zuciya yakan ji tsoron a zaunar da shi ana yi masa tambayoyi, amma idan mutum biyu suna ɗaukar gungume ɗaya, magana takan zo da kanta. Na huɗu, wanda ya saba ana yi masa kome ya ga aikin hannunsa, ya gane har yanzu yana da amfani.

Yanzu mu dubi annabi Iliya. Da Yezebel ta yi barazanar kashe shi, sai ya gudu zuwa Biyersheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai. Ya zauna a gindin wani ɗan itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku lura da yadda Ubangiji ya bi da shi. Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan Iliya ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. A can ya yi kuka cewa shi kaɗai ya rage. Ubangiji ya sanar da shi akwai mutum 7,000 waɗanda ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya ba shi aiki, ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiyarsa. Hutu, abinci, tafiya, aiki da aboki, da waɗannan Allah ya ta da bawansa. Haka yake tun a Farawa sura 2, inda ya sa Adamu a gona ya yi aikinta, ya kuma ga bai dace ya zauna ba mataimaki ba.

Mu ma mun san wannan hikima, gama kakanninmu sun bar mana gayya. Ikilisiya za ta iya yin irinta ba tare da kuɗi mai yawa ba. Zumuntar Mata, ko ta maza, ko ta matasa, ta zaɓi rana ɗaya a mako, a dasa dogon yaro ko mangwaro a filin majami'a da damina, a riƙa ba su ruwa da rani, a kewaye su saboda awaki. A zaɓi wuri kusa da gari inda akwai tsaro, a tafi a dawo da rana. In an gama aiki a zauna a inuwa, a ci abin da aka kawo, a yi addu'a. Wanda likita ya ba shi magani ya ci gaba da shansa, gama wannan zumunta tana tafiya tare da asibiti ne.

Amma ku tuna, mai kaɗaici ba ya zuwa domin an yi sanarwa a majami'a. Sai an je ƙofar gidansa an yi sallama. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wane ne ka daina gani a sujada? Ka je wurinsa a wannan mako, ka ce kana bukatar hannunsa. In ya ƙi, ka sake komawa mako mai zuwa. In kuwa kai ne kake zaune a gindin itace kamar Iliya, ka sani Ubangiji bai manta da kai ba, ba kai kaɗai ka rage ba.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, ka buɗe idanunmu mu ga waɗanda suke zaune su kaɗai a cikinmu. Ka ba mu ƙafafun zuwa wurinsu, da haƙurin tafiya tare da su. Ka ta'azantar da masu karyayyar zuciya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.