SOFA: Yadda masana ilimin taurari suka haɗu a kan ma'aunin lissafi guda

Kafin na'urar hangen nesa ta fuskanci wani tauraro, sai kwamfuta ta lissafa inda yake a sararin samaniya a daidai wannan lokaci. Lissafin yana da wuya, domin ita kanta duniyar da aka girke na'urar a kanta ba a tsaye take ba.

Baya ga juyawar da take yi kullum, duniya tana yin layi a hankali kamar katantanwar da yara ke murzawa, kuma zagaye ɗaya na wannan layi yakan ɗauki kusan shekara 26,000. Saurin juyawarta ma yana sauyawa, abin da ya sa aka ƙara daƙiƙa 27 a agogon duniya tsakanin 1972 da 2016.

A kan layin da ya raba duniya biyu, doron ƙasa yana gudun kimanin mita 465 a kowace daƙiƙa. Ke nan kuskuren daƙiƙa ɗaya ya isa ya kautar da lissafin matsayin wuri da kusan rabin kilomita. Idan kowace cibiya ta rubuta nata lissafin, sai sakamako ya saɓa, a kasa gane ko bambancin daga sama yake ko daga kwamfuta.

Don magance haka ne Ƙungiyar Masana Ilimin Taurari ta Duniya, IAU, wadda aka kafa a 1919, ta ƙaddamar da shirin SOFA a 1994. Shirin wani rumbu ne na ƙananan manhajoji da kwamitin ƙwararru daga ƙasashe daban-daban ke tantancewa. An fitar da kashin farko a harshen kwamfuta na Fortran a 2001, sannan na harshen C a 2009.

Manhajojin suna sauya kwanan wata daga wata kalanda zuwa wata, suna daidaita ma'aunan lokaci, suna kuma lissafa karkatar duniya da matsayin taurari bisa ƙudurorin da ƙungiyar ta zartar, musamman na 2000 da 2006.

Kyauta ake samun rumbun, amma da sharaɗi: duk wanda ya sauya wani abu a ciki ba zai ci gaba da kiransa SOFA ba. Wannan sharaɗi ne ya haifar da ERFA, kwafin da manhajar Astropy ta dogara da shi. Ta wannan hanya, ɗalibin da ke amfani da Astropy a jami'a yana aiki ne da lissafin da ƙungiyar ta amince da shi.