Ƙarar Ƙafar Gaba a Tsohuwar Mota: A Nemo Mai Kukan Kafin a Sayi Kaya

Duk mai tsohuwar mota a hanyoyinmu ya san wannan ƙarar. Ka shiga layin unguwa mai ramuka, sai ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙarƙashin gaba, ka hau kwalta mai santsi ta yi shiru kamar ba ita ba. A gareji, bakanike zai danna gaban motar sau biyu ya ce, "Alhaji, shokozoba ne." A tafi Ƙofar Ruwa in a Kano ake, ko Panteka in a Kaduna, a sayo guda biyu a ɗaura, a biya kuɗin aiki. Washegari ƙarar tana nan inda take. Ba lallai bakaniken ya yi niyyar cuta ba. Shokozoba ne abin da kowa ya san sunansa a ƙafar mota, shi ya sa ake ɗora masa laifin maƙwabtansa.

Abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne: ƙarfin ƙara ba shi ke nuna girman haɗari ba. Abin da ya fi cika kunne a ƙafar gaba sau da yawa shi ne mafi araha, wanda kuma zai iya jefa mota a rami yakan yi ta lalacewa da 'yar ƙarar da rediyo ma ke rufewa. Don haka aikin farko saurare ne da bincike, sayen kaya daga baya.

Yawancin ƙananan motocin da suka tsufa a hannunmu, irin su Golf 3, Corolla da Peugeot 406, ƙafarsu ta gaba iri ɗaya ce a tsari. Shokozoba da sifirin suna haɗe wuri guda a tsaye, kansu yana ɗaure a jikin mota da wani mazauni na roba mai boris a ciki, don ƙafar ta riƙa juyawa in an murɗa sitiyari. A ƙasa akwai hannun ƙarfe da bakanikai ke kira lowa am; gefensa ɗaya yana manne da jikin mota ta bushin na roba, ɗaya gefen yana riƙe da mazaunin taya ta boljoyin. Injiniyan Amurka Earle MacPherson ne ya ƙirƙiro wannan tsari a shekarun 1940, kamfanin Ford ya fito da shi a motocin Consul da Zephyr a Ingila a farkon shekarun 1950, kuma saboda sauƙinsa da araharsa ya mamaye duniya. Ita ma 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, wadda dattawan direbobi har yau ba su daina yabon ƙafarta ba, irinsa ne a gabanta. Bayan waɗannan akwai tayarod, wanda ke kai umarnin sitiyari ga taya, da kuma wata lanƙwasasshiyar sandar ƙarfe da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu don kada mota ta kwanta gefe guda a kwana. Ƙananan sanduna biyu ne ke ɗaure ta da ƙafafun, su ake kira linkej.

Kowane ɗayan waɗannan da lokacin da yake kuka, kuma lokacin ya fi sautin faɗin gaskiya. Kashe rediyo da na'urar sanyi, sauke gilashi, ka bi hanyar gargada a hankali. Ƙara mai sauri, ƙwas-ƙwas-ƙwas, a kan ƙananan ramuka, musamman in taya ɗaya ce ta faɗa ɗayar ba ta faɗa ba, yawanci linkej ne ko robobin da ke riƙe da waccan sandar. Dalilin a fili yake: sandar ba ta aiki sosai sai ƙafa ɗaya ta ɗaga ɗayar tana ƙasa. Shi ya sa za ka hau tudun rage gudu da tayoyi biyu lokaci guda ka ji kusan shiru, ka karkace ka hau shi da taya ɗaya ƙarar ta dawo. Wannan ita ce ƙarar da ta fi kowace damun mutane, ita ce kuma ta fi kowace sauƙin kuɗi.

In ƙarar guda ɗaya ce mai nauyi, dum, lokacin da ka taka birki ko ka tashi daga tsaye, zargi bushin na lowa am. Robar ta tsage, hannun yana zamewa gaba da baya. Wani lokaci har za ka ji motar ta ɗan fizgi gefe in ka taka birki. In kana tsaye wuri ɗaya kana murɗa sitiyari ka ji ƙau, kamar sifirin ya maƙale ya kuɓuce, boris ɗin saman shokozoba ne ya bushe. Ƙas-ƙas-ƙas a jere yayin da ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana tafiya, wannan kan shaf ne, wato sandar da ke juya taya. Gurnani da ke ƙaruwa da gudu, yana canja murya in ka ɗan karkata dama ko hagu, boris ɗin taya ne. Ƙarar da ke ɗaukewa da zarar ka ɗora ƙafa a birki ko da a hankali, a duba takalmin birki da abin da ke riƙe da shi. Wadda kuma ke zuwa daidai lokacin sa giya ko taka totur, sau da yawa ba ta ƙafa ba ce, robar da inji ke zaune a kai ce. Kafin duk wannan ma a gwada notocin taya. Akwai motar da aka kusa kwance wa ƙafa gaba ɗaya alhali mai faci ne bai ɗaure noti ba.

Shi shokozoba da ake yawan zargi, mutuwarsa ta fi bayyana a tafiyar mota fiye da kunne. Aikinsa kashe rawar sifirin. In ya mutu, mota za ta yi ta lilo bayan ta wuce rami, gabanta ya riƙa dulmiya in an taka birki, jikinsa ya jiƙe da mai har ƙura ta manne, taya kuma ta ci tudu da kwari in ka shafa ta da tafin hannu. Yana iya yin ƙara, ba a ce ba ya yi ba, amma in babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, kada a yi saurin yanke masa hukunci.

Boljoyin ne ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙwallon ƙarfe ne a cikin kwafi, kamar yadda kan ƙashin cinya ke zaune a kwatangwalo, an cika shi da giris an rufe da 'yar roba. Muddin robar nan na da lafiya, zai daɗe. Ranar da ta tsage, ƙurar hunturu da ruwan damina za su shiga, giris ya koma taɓo mai yashi, ya yi ta cin ƙarfen. Da farko 'yar ƙara ce ƙiii in ana murɗa sitiyari, ko ɗan bugu mara ƙarfi a rami. Ranar da ƙwallon ya fice daga kwafinsa, taya za ta kwanta waje, shaf ya zare, gaban mota ya daki ƙasa. In a layin unguwa ne an tsira da asara. In a hanyar Kaduna zuwa Zariya ne ana gudun kilomita 100, sai dai a yi fatan Allah ya kiyaye.

Wanda ya lura zai ga cewa motocin da ake yawan gani a bakin titi da taya a kwance, akwai Honda Accord da yawa a cikinsu, har wasu na cewa halinta ne. Akwai dalili. Accord, daga ƙirar 1986 har zuwa ta 2012, hannuwa biyu ne ke riƙe da ƙafarta ta gaba, na sama da na ƙasa, kuma shokozoba da sifirin a kan hannun ƙasa suke zaune. Ke nan nauyin gaban motar ta boljoyin na ƙasa yake bi kafin ya isa taya. Tsari ne mai kyau, shi ya sa motar ke da daɗin riƙo a kwana, amma ba ya yafe wa wanda ya yi sakaci ko ya sa jabun kaya. A Corolla ko Golf nauyin ta shokozoba yake hawa jikin mota, boljoyin riƙo kawai yake yi.

Wannan bambanci ya shafi yadda ake gwaji. A ajiye mota a ƙasa mai tauri, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyin baya waigi. A ɗaga gaba da jak, sannan a tokare da ƙarfen tokara ko katako mai kauri. Bulon siminti yana farfashewa ba sallama, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kama taya da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a girgiza. In ta yi motsi, boljoyin ne ko boris. Don rarrabewa, wani ya taka birki a sake girgizawa: in motsin ya ɗauke, boris ne, in yana nan, boljoyin ne. A koma a kama ta dama da hagu a girgiza. Motsi a nan na tayarod ne, na waje ko na ciki. Mutum biyu ake so, ɗaya na girgizawa, ɗaya ya ɗora hannu a kan gaɓar da ake zargi, don yatsa na jin motsin da ido ba ya gani. A mota irin Accord kuwa, in taya na reto sifirin kan danne boljoyin ya ɓoye lalacewarsa. Sai an sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa, kusa da taya, sannan a zura doguwar sandar ƙarfe ƙarƙashin tayar a ɗaga. A nan ne mai lafiya da mara lafiya ke rabuwa.

Bushin da sandar ƙarfe ake gwada shi, a tura a ga ko ƙarfe na taɓa ƙarfe, a haska da tocila a nemi tsaga. A duba kuma ko man inji na ɗiga a kansa, don mai yana narkar da roba. In ba a toshe ɗigar ba, sabon bushin ma ba zai kai ko'ina ba. Linkej yana da gwajin da ba ya ƙarya: a kwance su biyun, a ɗaure sandar da waya don kada ta taɓa komai, a zagaya layi a hankali. In ƙarar ta ɓace, an kama ɓarawo. A mayar da su kafin a hau babban titi.

Ka tsaya a wurin lokacin da ake wannan gwaji. Ba rashin yarda ba ne ka ce, "Malam, don Allah nuna mini inda yake motsin." Bakaniken da ya san aikinsa zai kama hannunka ya ɗora a wurin da kansa.

Wajen gyara ne araha ke yin ɓarna. Wasu kan bubbuge kwafin boljoyin da guduma don ya matse, ko su cusa masa roba, ko su kai wa mai walda. Ƙarar za ta yi shiru na ɗan lokaci, amma ƙarfen da ya ci ya riga ya ci, an dai toshe bakin mai gargaɗi ne. Boljoyin da tayarod ba a yi musu kwaskwarima, canja su ake yi. Bushin da aka yanko daga tsohuwar taya yana iya fitar da mutum daga daji, amma ba abin zama da shi ba ne. Batun sabo ko na Beljiyam, wato na hannu, kuwa, ra'ayina shi ne: lowa am na Beljiyam mai lafiyayyar roba ya fi sabon jabu, amma boljoyin gara sabo na kamfanin da aka sani, don na hannu ba ka san tafiyar da ya riga ya yi ba. Duk wanda za ka saya, duba robarsa, ka murɗa kansa da hannu. Mai kyau da tauri yake juyawa, ba ya lilo.

Shokozoba bibbiyu ake canjawa, dama da hagu, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi ɗaya riƙo. Sifirin ɗin da ke jikinsa a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko fuska, saboda haka sai da abin matse sifirin ake kwance notin sama. Yaran gareji da ke take shi da ƙafa su kwance, ganganci suke yi.

Akwai wani kuskure da ke kashe sabon bushin cikin 'yan watanni, kuma ba kowane gareji ke kula da shi ba. Robar bushin ba juyawa take yi a kan ƙusarta ba, murɗewa take yi ta dawo. In aka ɗaure ƙusar tamau mota tana sama taya na reto, da an sauke ta robar za ta zauna a murɗe dare da rana, har ta yage. Daidai shi ne a ɗaura sako-sako, a sauke motar nauyinta ya hau tayoyinta, sannan a yi ɗaurin ƙarshe. Notin boljoyin da na tayarod, in masu rami ne, a zura musu sabon fil, ba lanƙwasasshiyar ƙusar kafinta ba.

Bayan an taɓa tayarod, lowa am ko shokozoba, sai an kai mota an saita tayoyinta, abin da ake kira alaimen. In an ƙi, sabuwar taya za ta cinye gefe guda, sitiyari ya zauna a karkace. A can kuma a gyara iska. Masu faci da yawa sukan ɗura 45 ko 50 da sunan taya ta yi ƙarfi, alhali yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 suke so, kuma adadin na rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko murfin tankin mai. Tayar da ta sha iska fiye da kima ba ta shanye dukan rami, kai tsaye take miƙa shi ga boljoyin da bushin ɗin da aka gama biya.