Haskaka Layuka a Babban Jadawali da Illar Shafa Launi da Hannu

Jadawalin kwamfuta, ko na Excel ne ko Google Sheets ko WPS, layuka ne iri biyu da suka gitta juna: na kwance masu lamba, da na tsaye masu haruffa. Mahaɗarsu ita ce gurbi. Tun daga Excel na 2007, shafi guda yana ɗaukar layin kwance 1,048,576 da na tsaye 16,384, amma ɗan kaɗan ne ke fitowa a fuskar kwamfuta lokaci ɗaya. Shi ya sa ido kan taso daga suna a hagu, kafin ya isa adadin da ke dama ya zame ya faɗa layin wani.

Wannan matsala ce ta yau da kullum a Shabu, inda Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa take. Ɗalibin da ke gwajin masara ko riɗi yana auna tsayin shuka da yawan ganye mako bayan mako, fegi bayan fegi, har jadawalinsa ya yi faɗin da ba ya ganuwa gaba ɗaya. Haka abin yake ga malamin da ke shigar da maki, da mai shagon taki da ke rubuta bashi.

Maganin da akasari ake yi shi ne a zaɓi layi, a danna hoton bokitin fenti, a shafe shi da ruwan ɗorawa. Gobe a shafe wani da ja, jibi da kore. Mutane da yawa sun ɗauka wannan shi ne haskaka layi, wasu ma har suna ganin gwaninta ce. Kuskure ne, kuma abin takaici har a shagunan buga takardu ana koya wa yara shi.

Launin da aka shafa da hannu yana manne wa gurbin ne. Da zarar an jera bayanan daga babba zuwa ƙarami, launukan sukan bi layukansu su watse, zanen da aka ɓata awa ana yi ya koma dabbare-dabbare. Idan aka cusa sabon layi a tsakiya, sau da yawa yakan kwaso launin na samansa ba tare da an sa shi ba. Mafi muni shi ne mai da launi ma'ajiyar bayani: ja na nufin shukar ta mutu, kore na nufin an biya kuɗi. Umarnin tara adadi ba ya ganin launi, ja da kore duk ɗaya ne a wurinsa. In aka adana fayil ɗin a tsarin CSV, launi ya tafi ke nan. Manhajojin ƙididdiga irin su SPSS lambobi da rubutu kaɗai suke ɗauka. A takardar da aka yi wa hoto baƙi da fari kuwa, ja da kore toka-toka suke fitowa, ga kuma mutanen da idonsu ba ya bambance launukan biyu tun haihuwa. Gaskiya ne Excel na iya tacewa da launi, amma wannan bai warware komai ba, domin bayan wata uku mai jadawalin kansa ba zai tuna abin da shuɗi ke nufi ba, balle malamin da ke duba aikinsa. Ganda ce kawai ke hana mutum buɗe sabon layin tsaye ya rubuta "ta mutu" ko "an biya". Wanda zai miƙa wa wani lissafi, amana ce ya miƙa shi yadda za a fahimta ko ba ya nan.

Kuskuren zaɓen layi ba na ɗalibai ba ne kaɗai. A 2013 wani ɗalibi a Amurka, Thomas Herndon, ya gano cewa masana tattalin arziki Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff sun bar ƙasashe biyar a waje sa'ad da suke zaɓen layukan da za a lissafa a bincikensu na 2010.

Matakin farko na gyara shi ne kafe kan jadawali. A danna gurbin B2, a shiga View, a zaɓi Freeze Panes. Daga nan layin farko da sunayen da ke hagu ba za su motsa ba, komai nisan da aka gangara. Bayan haka a danna cikin bayanan a latsa Ctrl da T. Excel zai zana layukan da kansa, ɗaya mai duhu ɗaya fari kamar kunyoyin gona, kuma zanen ba ya rikicewa ko an sake jeri ko an ƙara layi. A Google Sheets ana samun irinsa a ƙarƙashin Format, wurin Alternating colors.

Don bin layi guda da ido, Shift da dogon maɓallin tazara suna haskaka layin kwance baki ɗaya, Ctrl da shi kuma suna haskaka na tsaye. Hasken na ɗan lokaci ne, ana danna wani wuri ya gushe, bai bar komai a fayil ba. Sai dai a kiyaye: kada a jera bayanai alhali layin tsaye ɗaya kaɗai aka zaɓa. Idan Excel ya yi tambaya, a amsa masa ya faɗaɗa zaɓen, in ba haka ba makin wani zai koma gaban sunan wani.

Masu Microsoft 365 sun samu ƙari tun daga 2024: Focus Cell, a ƙarƙashin View, yana haskaka layin kwance da na tsaye na duk gurbin da aka taɓa, yana kuma bin mutum duk inda ya nufa. Tsofaffin Excel irin na 2010 da 2016 ba su da shi.

In kuwa dole sai an ga launi, to a ɗaura shi da sharaɗi ta Conditional Formatting, misali duk makin da bai kai 40 ba ya koma ja. Da an gyara makin, launin zai sauya da kansa.