Dokin Ango da Kyanwar Amarya: Gurbin Dabba a Hoton Biki

A 'yan shekarun nan masu aure a Ingila da Amurka sun ɗauko wata al'ada. Sukan kai wa mai zane hoton karensu ko kyanwarsu ya zana, a buga a katin gayyata, ko a kafa a ƙofar zauren biki. Abin yana da tushe a Turai: tun 1434 Jan van Eyck ya zana wani attajiri ɗan gidan Arnolfini da matarsa, ga ɗan kare tsaye a gabansu, kuma zanen yana Landan har yau.

Mutumin Zangon Kumasi da ya ji an ambaci kare a wajen ɗaurin aure zai kau da kai, amma son dabba ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya zaga unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango ya san saurayin da ba ya karyawa sai tattabarunsa sun ci, ya san Hajiyar da ta yi kiwon rago har ta kasa sayar da shi, ya san budurwar da za ta bar kyanwarta a gidan iyaye ranar kai amarya.

Doki kuwa darajarsa daban ce. Kakanninmu fatake ne da neman goro ya kawo, da yawansu sun gangaro kudu bayan yaƙin basasar Salaga na 1892. Sun zo da ƙaunar doki irin ta Kano da Katsina, inda ango ke yin hawan angwanci, sai suka tarar da kurmi mai ƙudan tsando, wanda cizonsa ke sa wa dabba sammore, ta rame ta mutu. Shi ya sa duk mai doki a ƙasar Asante ya sha ɗawainiya a kansa, kuma ba abin mamaki ba ne ya so a gan shi a ranar farin cikinsa.

To me zai hana a kawo dabbar da kanta? Kunnen ɗan Adam yana tsayawa ne a sautin da ya kai kusan hez 20,000, na kyanwa kuwa yana wuce 60,000, kuma tana jin ƙaramin motsin da mu ba ma ji. Lasifikar biki da ke faranta wa 'yan mata rai azaba ce a gare ta. Dokin da bai saba da ganga da cunkoso ba yana iya firgita ya hau kan yara. Zane ya raba wannan gardama: dabba tana gida lafiya, siffarta tana wurin biki.

Masu wannan aiki kuwa Kumasi ba ta rasa su ba. Kwame Akoto, mai shagon Almighty God Art Works a Suwame, ya fara ne da allunan shaguna, yau zanensa ya kai gidajen baje kolin Turai. Can a garin Shama kuma, mai hoto Philip Kwame Apagya ya yi suna da labulen da aka zana wa firji ko jirgin sama, mutum ya tsaya a gaba a ɗauke shi. Hannun da ya iya zana jirgi ba zai gaza zana akawal da sirdinsa a bayan ango ba.

Saura batun addini, wanda ba a tsallake shi. Hadisi ya yi gargaɗi a kan ajiye kare da hoto a cikin gida. Malaman Malikiyya, mazhabar da yawancinmu muka tashi a kanta, sun haramta cikakken mutum-mutumi mai inuwa, amma zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle sun tsaya a kan karhanci. Wasu malaman sun fi haka tsanantawa. Don haka a tambayi malamin gida tun kafin a ba da kuɗin aiki, kuma kada a haɗa surar dabba da ayar Alƙur'ani a katin da gobe za a tsince shi a ƙasa.

Wanda ya samu natsuwa, sai ya ɗauki hoton dabbar da hasken rana, ya nuna wa mai zane alamominta, kamar farin goshi ko lanƙwasar ƙaho, ya ba shi isasshen lokaci. Kada kuma kwalliya ta sa a sayo aku. Bincike ya nuna Gana ta rasa fiye da kashi 90 cikin ɗari na aku mai tokar gashi tun daga 1992, kuma a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin wanda aka kamo a daji.

Injin buga hoto ya ƙwace wa masu fenti da buroshi mafi yawan cinikinsu. Gidan da ya iya sayen anko da buga kalanda zai iya ware wani abu ga mai zanen unguwa. Da irin wannan ɗan aiki ne maigidan shago zai iya riƙe yaransa har su ƙware.