Tafiya Cikin Ƙaramin Jirgi a Gaɓar Afirka ta Gabas

Jiragen ruwa masu ɗaukar mutane yawon buɗe ido iri biyu ne. Akwai manya, waɗanda ɗaya daga cikinsu ya kan ɗauki mutum fiye da 5,000, watau ya fi ƙauyuka da yawa jama'a. Akwai kuma ƙanana, masu ɗaukar mutum kamar 100 zuwa 200. Wanda bai sani ba sai ya ce babban ya fi, amma in tsofaffin garuruwan bakin teku mutum ya ke so ya gani, to, ƙaramin ya kamata ya shiga.

Ga dalili. Kowane jirgi, sashensa na ƙasa a nutse ya ke cikin ruwa. Na babban jirgi ya kan kai mita 9, na ƙarami kuwa kamar rabin haka. Mutanen da suka kafa garuruwan nan ba su san jirgin ƙarfe ba, jiragensu na katako ne, saboda haka suka zaɓi wurare masu ƙunci a bayan tsibirai, inda iska ba ta damunsu. Ƙaramin jirgi ya kan ratsa irin waɗannan mashigai a hankali, ya saki anga nesa kaɗan da gari, watau ƙarfen nan mai nauyi da ke riƙe shi kada ruwa ya tafi da shi. Sa'an nan a sauko da kwalekwalen roba masu inji, kowane ya ɗauki mutum kamar goma ya kai su gaci. A cikin jirgin kuma akwai malaman tarihi, da masana tsuntsaye da kifaye, masu yi wa matafiya bayani da dare kan abin da za su gani gobe.

To, bari mu bi irin wannan jirgi a gaɓar Afirka ta Gabas, a bakin Tekun Indiya, daga Lamu ta ƙasar Kenya zuwa Kilwa ta ƙasar Tanzaniya. Tsakaninsu ya fi kilomita 700. Mutanen wannan gaɓa su ne Sawahili, sunan kuwa daga Larabci ya fito, ma'anarsa gaɓoɓin teku. Yawancinsu Musulmi ne.

Kafin mu sauka ko'ina, sai ku fahimci sha'anin iska, gama ita ce ta kafa garuruwan nan duka. A watannin da mu ke fama da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, iska a tekun nan daga arewa maso gabas ta ke busowa. Fataken Larabawa da na Farisa da na Indiya sai su ɗaga filafilan jiragensu, iska ta turo su har Afirka, ba inji, ba tuƙi. Daga Afrilu kuwa sai ta juya, ta riƙa busowa daga kudu, ta mai da su gida. Wanda ya zo ba shi da ikon komawa sai iska ta juya. Dole ya zauna wata da watanni, ya sayar da tufafi da duwatsun ado da kwanonin tangaran, ya sayi hauren giwa da zinariya da katako. Waɗansu suka yi aure, suka zauna ɗungum. Kamar yadda zangon ayari ya kan zama gari a ƙasarmu, haka wuraren jiran iska suka zama birane.

Lamu tsibiri ne. In kun sauka daga kwalekwale, abin da za ku fara lura da shi jakuna ne, domin lungunan tsohon garin sun yi wa mota ƙunci. Kaya duk a bayan jaki a ke kai su. An gina gidajen da dutsen murjani, wanda waɗansu 'yan ƙananan halittun ruwa ke tarawa a hankali cikin teku, aka yi azara da wani itace mai tsirowa cikin ruwan gishiri. Ƙofofin kuwa na katako ne, masassaƙa sun yi musu zane mai ban sha'awa. Kowace shekara a kan yi babban taron Mauludi a nan, mutane su zo daga nesa.

Da dare jirgi ya yi kudu, gari na wayewa sai ga Mombasa. A bakin tsohuwar tashar jirage akwai wata ƙatuwar ganuwa da Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593, a na kiranta Fort Jesus. Su ne Turawan da suka fara zagayo kudancin Afirka da jirgi, shugabansu Vasco da Gama ya iso nan a 1498. Cinikin da suka tarar ya ba su sha'awa, suka so su mallake shi da igwa. Amma a 1696 Larabawan Oman suka kewaye ganuwar, suka tsare ta wata 33, yunwa da cuta suka cinye na ciki, har ta faɗi a 1698.

Zanzibar ce ta gaba. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya ga albarkar tsibirin har ya mai da fadarsa nan a 1840. A zamaninsa aka cika gonaki da itatuwan kanumfari, wannan da iyayenku mata ke sawa cikin kunu da yaji. Amma kada ƙanshin ya mantar da ku waɗanda suka yi noman. Bayi ne, da aka kamo daga can cikin ƙasa, aka koro su da ƙafa zuwa gaɓa, da yawa suka mutu a hanya. A tsakiyar garin akwai babbar kasuwar bayi, ba a rufe ta ba sai a 1873. Yau a wurin an yi siffofin mutum biyar a cikin rami, da sarƙa a wuyansu, don mai wucewa ya tuna. A 1964 Zanzibar ta haɗu da Tanganyika, aka sami Tanzaniya.

A ganina, Kilwa ce ta fi cancantar wahalar tafiyar. A nan ne kyaftin ya ke duban agogo ƙwarai, domin ruwan teku ya kan cika ya janye sau biyu a kwana guda, saboda wata da ke sama yana jansa. In an yi sakaci ruwa ya janye, sai mutum ya taka laka mai nisa kafin ya kai kwalekwale. A tsibirin ba za ku ga komai ba da fari sai ƙaramin ƙauyen masunta da itatuwan kuka. Amma ku ɗan taka kaɗan, sai ga kangon wani babban masallaci mai ginshiƙai da ƙubbobi, can gaba kuma kufan fadar Husuni Kubwa, mai ɗaki fiye da 100, da tafkin wanka mai kusurwa takwas.

Ina wannan dukiya ta fito? Zinariyar da a ke haƙowa a ƙasar Zimbabuwe ta yau, a kan kawo ta Sofala a bakin teku, can kudu. Jiragen Larabawa ba su iya wuce Kilwa sosai su komo gida cikin iskar shekara guda, saboda haka mutanen Kilwa ne ke zuwa su ɗauko ta, fatake su saya a hannunsu. Sarakunansu har kuɗin kansu suka buga na tagulla. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya zo a 1331, ya yabi kyan garin da kyautar sarkinsa. Shi ne kuma ya biyo ta Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353. A 1505 Turawan Fotugal suka ci Kilwa da yaƙi, cinikin zinariya ya fita daga hannunta, gari ya yi ta raguwa.

Yanzu abokin gaban Kilwa teku ne. Raƙuman ruwa suna cin gindin gine-ginen da ke bakin gaɓa, saiwoyin itatuwa suna tsattsaga bango. A 2004 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihin duniya da ke cikin haɗari, aka yi ta gyara, aka cire shi a 2014. Shi ya sa a ke kai baƙi ƙungiya ƙungiya, 'yan kaɗan kaɗan, tare da ɗan jagora daga cikin mutanen tsibirin. Ba a hawa bango, ba a kuma ɗaukar ko da ɗan guntun tangaran daga ƙasa, ko da ya ke ga su nan barjat, waɗansu tun daga ƙasar Sin aka kawo su shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Kafin ruwa ya janye sai a ƙirga mutane ɗaya ɗaya, a mai da su jirgi, a ɗaga anga.