Tiyatar da ke sa haƙoran babba su yi saurin daidaita

Tambayar da ta fi yawa a shirin lafiya na wannan mako daga manya ta fito, maza da mata, wasu daga nan gida wasu daga tsallaken iyaka: wai mutum mai shekara talatin ko arba'in zai iya sa wayar gyaran haƙori? In kuwa zai iya, dole sai ya shekara biyu da ƙarfe a baki?

Amsar ta farko, e, zai iya. Ta biyun ce ke da bayani.

Ka ga haƙorin nan naka, ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Akwai wasu siraran zaruruwa da ke riƙe saiwarsa cikin muƙamuƙi. Idan waya ta matsa shi a hankali, jiki kan cinye ƙashin da ke gabansa, ya gina sabo a bayansa. Haka yake tafiya, kusan milimita 1 a wata. Ƙashin babba ya fi na yaro tauri, kuma ya fi jinkirin amsawa, shi ya sa aikin kan ci wata 18 zuwa shekara biyu, ko ma fiye.

To, nan tiyata ta shigo. Sunanta kotikotomi. Kada ka ɗauka ita ce babbar tiyatar nan da ake yanke muƙamuƙi a sake masa zama. Wannan daban ce. A nan likita zai yi maka allurar kashe zafi, ya ɗaga dasashi, ya tsattsaga ɓawon ƙashin da ke tsakanin saiwoyi ba tare da ya yi zurfi ba, sannan ya ɗinke. Heinrich Köle, wani likita a Ostiriya, ya bayyana ta a 1959, a zatonsa haƙori na tafiya ne da guntun ƙashinsa gaba ɗaya. Daga baya aka gane ba haka abin yake ba. A 1983 Harold Frost, likitan ƙashi a Amurka, ya yi bayanin cewa duk inda ƙashi ya ji rauni, jiki kan hanzarta rushewa da ginawa a wurin, ƙashin ya ɗan yi laushi kafin ya koma yadda yake. A 2001 wasu 'yan'uwa biyu likitocin haƙori, William da Thomas Wilcko, suka ɗora aikinsu a kan wannan bayani, suka ƙara da zuba garin ƙashi a wurin don ya yi kauri. Yanzu akwai hanyoyin da ba a ɗaga dasashi ma, sai ƙananan yanka ko 'yan huje-huje.

Abin da muke so ka riƙe shi ne, laushin nan ba ya daɗewa. Ƙarfinsa yana cikin wata ɗaya zuwa biyu na farko, zuwa wajen wata huɗu ya gushe. A cikin wannan ɗan lokaci ne likitan waya zai riƙa ganinka kusan duk mako biyu yana ƙara ja. Saboda haka in kana zaune a Maraɗi, likitanka yana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, ko kuma sai ka tsallaka zuwa Kano, zauna ka yi lissafin kuɗin mota da ranakun da za ka bar sana'arka tun kafin a taɓa bakinka. Wanda ya tafi Masar ko Indiya aka yi masa, ya dawo gida ba mai juya masa waya, ai ya sha wuƙa a banza ke nan. Ƙashin zai warke abinsa, haƙoran suna nan inda suke.

Shin da gaske tana rage lokaci? Bincike ya nuna haƙora kan fi sauri a watannin farko. Amma a 2015 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta duba gwaje-gwajen da aka yi, ta ga ba su da yawa kuma a kan mutane kaɗan aka yi su. Don haka duk wanda ya yi maka alkawarin gamawa a rana kaza, yi taka-tsantsan da shi. A ganinmu, in 'yar karkata ce kawai a haƙoran gaba, haƙuri da waya ya fi. Wushirya kuwa, da yawanmu ado muka ɗauke ta, a bar ta.

Ba kowa ake yi wa ba. Mai ciwon dasashi, wanda ke ganin jini in ya yi asuwaki, sai an warkar da shi tukuna. Haka mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai shan taba, da wanda ya daɗe yana shan magungunan ƙarfafa ƙashi ko na sitiroyid. Faɗa wa likita duk abin da kake sha, har wanda ka saya wurin mai tallar magani a kasuwa.

Bayan aikin za ka ga kumburi na 'yan kwanaki, kuma hannunka zai so kai wa ibuprofen ko diclofenac. Dakata tukuna. Waɗannan suna danne kumburin da jiki ke amfani da shi wajen sauya ƙashi, yawan shansu na iya rage tafiyar haƙorin da ka biya kuɗi don ya yi sauri. Likitoci sun fi ba da farasitamol. Ranar da aka cire waya kuma za a ba ka abin riƙe haƙora, na sawa da dare ko siririyar waya da ake mannawa ta ciki, domin da tiyata ko babu, haƙora kan nemi komawa tsohon wurinsu.